Mazaunin Kyandir na Jakada: Aro ne ko Kyauta?

Kwanaki a majalisa na ji ana ta gardama kan masu sauka daga mulki su wuce da motar ofis. Sai jakadun Ingila na ƙarni na 18 suka faɗo mini a rai.

A zamanin, in sarki zai tura jakada, daga taskar fada ake ba shi kayan azurfa oza 5,893, da wasu oza 1,066 da aka shafe da ruwan zinare. Sama da kilo 200 fa ke nan! Har da mazaunan kyandir masu tambarin sarki. Babu lantarki, to in baƙo ya zauna cin abincin dare ya ga zinare na walƙiya, ya san girman wanda ya aiko jakadan.

A ƙa'ida aro ne, a maido. Amma da yawa takardar yafiya suke nema, kayan su zama na gida. Lord Raby, jakada a Balin, bai maido nasa ba. Ƙatuwar tasarsa ta azurfa sai a 2010 magada suka sayar.