Tantance darajar tsofaffin sulalla

Tantance darajar sulalla shi ne duba tsohon kuɗin ƙarfe a ba shi matsayi gwargwadon yadda ya tsira daga gogewa da rauni tun ranar da aka buga shi. Masu tara tsofaffin kuɗi da dillalansu suna dogara da wannan matsayi wajen yanke farashi. Ba shekarun kwandala ake aunawa ba, lafiyar jikinta ake dubawa. Shi ya sa kwandala biyu da aka buga a shekara ɗaya, a masana'anta ɗaya, ɗaya kan ninka ɗaya kuɗi sau da yawa.

Tarihi

Da farko da kalmomi kawai ake siffanta sulalla, kamar a ce "mai kyau" ko "mai kyau ƙwarai", kuma kowane dillali da abin da yake nufi. A shekarar 1949 William H. Sheldon, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, ya fito da ma'auni mai lamba 1 zuwa 70 a littafinsa Early American Cents, wanda ya yi a kan manyan kwabban jan ƙarfe na Amurka na 1793 zuwa 1814. A lissafinsa, kwabo mai lamba 70 ya kamata ya ninka mai lamba 1 kuɗi sau 70. Kasuwa ba ta daɗe tana bin wannan lissafi ba, amma lambobin sun zauna. A shekarun 1970 ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, ta gyara ma'aunin ta shimfiɗa shi a kan dukkan sulallan ƙasar.

Matakai

Lamba 1 ita ce kwandalar da ta suɗe har da kyar ake gane irinta. Daga 4 zuwa 10 ana karanta shekara da yawancin rubutu, amma hoton ya baje. Daga 12 zuwa 35 layukan gashi da na tufafi sun fara fitowa, a 40 da 45 kuma gogewar ta tsaya a wuraren da suka fi tudu. Rukunin AU, wato 50 zuwa 58, na waɗanda hannu ya ɗan taɓa ne kawai. Daga 60 zuwa 70 ana rubuta MS, ma'ana kwandalar ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba.

A rukunin MS ne aikin ya fi wuya, domin babu gogewar da za a auna. Mai tantancewa yakan juya kwandalar a ƙarƙashin fitila ya ga sheƙinta na asali, ya ƙirga tabon da ta samu wajen gogayya da 'yan uwanta a cikin buhu, ya kuma duba ko bugun ya fito sosai. A dalar azurfa ta Morgan, alal misali, kumatun hoton matar da ƙirjin gaggafa ake fara dubawa. Abin da kan ruɗa sabon shiga shi ne, sau da yawa AU-58 ta fi MS-60 kyan gani, tunda MS-60 tana iya cika da tabo, sai dai ba ta goge ba.

A Birtaniya da wasu ƙasashen Turai har yanzu dillalai da dama sun fi amfani da kalmomi a kan lambobi.

Abubuwan da ke zubar da daraja

Wanke kwandala da sinadari ko goge ta da tsumma yana cire fatar ƙarfen ta sama, ya bar ƙananan layuka da ƙwararre ke gani nan take. Manyan kamfanonin tantancewa ba sa ba irin wannan lamba, sai dai su tabbatar ta gaske ce su rubuta aibinta. Haka ma wadda aka huda ko aka yi wa walda don ado. Amma hudar da ke tsakiyar anini da kwabon Afirka ta Yamma na zamanin Turawan mulkin mallaka ba aibi ba ce, da ita aka bugo su.

Kamfanonin tantancewa

An kafa PCGS a 1986, NGC kuma a 1987, dukansu a Amurka. Ƙwararrunsu kan duba kwandala, su rufe ta a cikin kwanson roba mai garai-garai ɗauke da lambar daraja da ta rajista. Wannan ya sa ana iya sayen kwandala daga nesa ba tare da an riƙe ta a hannu ba.

Duk da haka hukuncin na idon mutum ne. Inda tazarar farashi tsakanin MS-64 da MS-65 take da yawa, wasu dillalai kan fasa kwanson su sake tura kwandalar ko za a ƙara mata lamba ɗaya, kuma wani lokaci a ƙara ɗin. Ƙorafin cewa ana sassauta ma'auni na daga cikin abin da ya sa aka kafa CAC a 2007, kamfanin da ke sake duba sulallan da aka riga aka tantance, ya manna koren tambari a kan waɗanda ya ga sun cika matsayinsu.