Injin Asali: Tarihin Peugeot 504 da Darajarta a Sakkwato

Injin asali, a bakin dillalan mota da kanikawan Sakkwato, shi ne injin da mota ta fito da shi daga kamfani, wanda lambar da aka buga a jikinsa ta yi daidai da wadda ke cikin takardunta na farko. Motar da aka fi yin wannan magana a kanta ita ce Peugeot 504, wadda ta shafe kusan shekara 30 tana riƙe da hanyoyin ƙasar Hausa. An yi rubuce-rubuce kan kamfanin da ya harhaɗa ta a Kaduna, amma galibinsu lissafin hannun jari ne da sunayen shugabanni. Labarin injin bayan mota ta bar Kaduna ta faɗa hannun direba da bakanike ya tsaya ne a hirar gareji, masu hirar kuwa tsufa yana cim musu. Dalilin haɗa wannan maƙala ke nan.

Mafari

Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960 da inji mai cc 1,618. Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Da injin cc 1,796 ta fara, sannan a 1970 aka ƙara masa girma zuwa cc 1,971, wanda kamfani ya sa wa lamba XN1. Shi ne injin da direbobin Arewa suka fi sani: silinda huɗu, kafireta, a kishingiɗe gefe guda cikin bonet. A 1975 wata 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, tseren da 404 ta riga ta ci sau huɗu.

Shekarun Kaduna, 1975 zuwa 1986

An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a Disamban 1972, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe masana'antar a unguwar Kakuri da ke Kaduna a 1975. Lokacin ya dace ƙwarai. Kuɗin man fetur ya cika baitulmali, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, gwamnati tana ba da bashin mota. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'ai. A watan ne kuma aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, ma'aikatu da ƙananan hukumomi suka shiga sayen motocin ofis.

Akwai abin da ya kamata a gyara a nan, domin ana yawan faɗinsa ba daidai ba. Injin da ake kira na Kaduna daga Faransa sassansa suke zuwa, a Kakuri ake ɗora shi. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe da jiragen siminti a 1975, kamfanin jiragen sama na UTA ne ya riƙa kwaso kayan daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Abin da ya bambanta motar Kaduna da ta Turai shi ne an shirya ta don zafi da ƙura da ramuka, kuma sabuwa fil take isa hannun mai ita, ba wanda ya taɓa kwance mata noti.

Sakkwato ta fi sauran manyan biranen Arewa buƙatar irin wannan mota. Layin dogo bai taɓa isa birnin ba, a Kaura Namoda ya tsaya tun 1929. Duk mai zuwa Kaduna ko Kano sai ya bi kwalta ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa. Saboda haka 504 ta kasu gida uku a garin: salun ta babban sakatare da alhaji, wagon ta haya mai layin kujeru uku, da a-kori-kura mai kai albasa da hatsi kasuwannin ƙauye, har Illela da Birnin Ƙonni.

Zafin garin shi ne alƙalin inji. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, iskar hunturu kuma tana cusa ƙura a kafireta. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda kanikawa ke kira tof-silinda, na alminiyam ne. In lagireto ya ƙafe direba bai lura ba, kan yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. In aka ci gaba da tafiya a haka, inji ya buga. Shi ya sa motar da ta shekara goma a Sakkwato ba a sauke injinta ba take zama shaida a kan mai ita: yana duba ruwa da safe, yana juyen mai a kan lokaci, ba ya ba yara tuƙi. Idan dillali ya rantse wa mai saye cewa ba a taɓa buɗe ta ba, tarihin riƙon da aka yi mata yake sayarwa, kuma a kansa ake ƙara kuɗi.

Saɓani a kan ma'anar asali

Ƙirar injin ita ta haifar da gardamar da har yau ba a gama ba. Silindojinsa hannayen ƙarfe ne da ake zarewa, ruwan sanyaya inji yana kewaye su kai tsaye. In sun cinye, bakanike zai zare su ya zura sababbi tare da fistin da ringi, ya sake metal, ya kai karanshaf a goge, ba tare da an taɓa gangar da ke ɗauke da lamba ba. Injin da aka yi wa haka sau uku lambarsa tana nan daidai da takarda.

Dillalai da jami'an lasin sun tsaya a kan lamba: in ta dace, injin asali ne. Tsofaffin kanikawa sun fi tsanantawa, a wurinsu injin da aka buɗe ya tashi daga asali ko da gangarsa ce ta farko. Mai wannan maƙala yana tare da masu lamba idan tarihi ake nema, domin ganga ce kaɗai ke iya tabbatar da cewa wannan inji da wannan jiki tare suka fito daga Kakuri. Amma a ciniki kanikawa ne ke da gaskiya, kuma dillalin da ya ɓoye cewa an yi wa inji aiki ya ci amanar mai saye, ko da takarda ta goyi bayansa.

Zuwan gwanjo

Shirin SAP na gwamnatin Babangida da karyewar naira a 1986 su suka sauya komai. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sababbin kayan gyara na kamfani suka yi tsada. Sai motocin gwanjo da injinan da aka ciro daga motocin Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, suka fara kwarara ta Kwatano, su haura Malanville da Gaya, su shigo ta Kamba ko Illela. Wasu kuma ta Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano suke isowa garejojin J. Allen da ke Sakkwato. Da yake a 1983 aka daina ƙera salun 504 a Turai, 505 kuma da ta fito a 1979 tana amfani da inji ɗan gida ɗaya, injinan sun wadata. Ɗora na Beljiyam ya zo ya fi gyaran na asali sauƙi da arha. Direban haya mai iyali ba zai ajiye mota mako biyu yana jiran gyara ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Gangunan da aka sauke da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an auna su a sikeli. Ƙa'ida ita ce a riƙe rasidin sabon inji a gyara lambar a ofishin lasin, amma ba kowa ya yi ba, wannan ne ya sa takardun tsofaffin motoci da yawa ba sa dacewa da abin da ke cikin bonet.

A kan shekarar da PAN ta daina harhaɗa 504 majiyoyi sun rabu, wasu 2005, wasu 2006. An fi karkata ga 2006, shekarar da aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga ASD Motors. Golf da Sharan da motocin Japan suka gaje layin tasha.

Darajar lamba a wasu ƙasashe

A Amurka, masu tara motoci masu ƙarfin inji na 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO, sun mai da dacewar lamba ginshiƙin farashi. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi, da injinta na asali, a kan dala miliyan 3.5 a birnin Seattle. Ita kanta 504 ta taɓa yin irin wannan tsada: rahotannin Iran sun ce an sayi ta Shugaba Ahmadinejad, ƙirar 1977, a kan kimanin dala miliyan 2.5 a 2011, sai dai wannan kuɗin sunan mai ita ne.

A Sakkwato lambar inji ba ta taɓa zama kayan ado ba, ma'aunin aiki ce da amana. Sauran 504 masu injin Kaduna suna nan jefi-jefi a gidajen tsofaffin ma'aikata da harabar ma'aikatu, wasu tayoyinsu sun nutse a ƙasa. Duk magajin da irin wannan mota ta faɗo hannunsa, ya duba lambar ganga ya gwada da takardun farko kafin ya kira mai sikeli. In sun dace, ya adana motar da takardunta wuri guda, in kuma dole ta sa a sauke injin, a ajiye gangar kada a sayar.