Hunturu

Suna, namiji. 1. Busasshiyar iska mai sanyi da ƙura da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta hamadar Sahara, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu. 2. Lokacin wannan iska.

A Ƙonni, Malbaza da Illela iskar ta fi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma. Tana fasa leɓe, ta ta da igiyar ruwa a tafkin Ɗan Dutsi, ta kuma ƙafar da ruwan madatsun Mozage da Zango na kwarin Majiya, wanda gonakin rani na Ƙonni ke sha. Albasar Galmi kam sanyin ya karɓe ta.

Misali: "Baba, hunturu ya kama, a ɗora maka ruwan wanka?"