Burbushi

BURBUSHI (suna, namiji). A lugga, ɗan abin da ya saura bayan an ci ko an farfasa, kamar burbushin ƙuli-ƙuli a gindin kwano. A isɗilahin masana duwatsu kuwa, sauran halittar da ta shuɗe ne, ƙashi ko haƙori ko ƙwanso, wanda laka ta binne har ya sandare ya zama dutse; kuma da shi suke hujja wajen jera ɗabaƙoƙin ƙasa bisa zamunansu, domin kowane zamani yana da halittun da suka keɓanta da shi, ta yadda in an tarar da iri ɗaya a duwatsun ƙasashe biyu masu nisa, sai a hukunta cewa tsararraki ne. A kan wannan ƙa'ida William Smith ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815, aiki mai ban sha'awa ƙwarai.

Misali: a ɗabaƙar Dukamaje, wajen Goronyo, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, shaidar cewa teku ta taɓa rufe ƙasar Sakkwato fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce.