Intabiyun Shiga Jami'a: Yadda Ya Ɓace da Yadda Yake Dawowa

Ɗalibai 104 ne kacal Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara da su a watan Janairun 1948. Da irin wannan adadi, malami yana iya sanin kowa da sunansa da makarantar da ya fito. Ko da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, masu neman gurbi ba su yi yawan da za su gagari ido ba. Kowace jami'a ita ke zaɓen 'ya'yanta: ta shirya jarrabawarta, ta duba sakamakon babbar sakandare, ta karanta abin da shugaban makaranta ya rubuta a kan yaro.

Yaran wancan zamani sun saba da tsayuwa gaban manya tun kafin su ji sunan jami'a. Wanda ya ci jarrabawar shiga sakandare sau da yawa sai an kira shi intabiyu, a sa shi karatu da babbar murya, a jefa masa lissafin ka, a tambaye shi sana'ar mahaifinsa. Iyayenmu da suka bi ta wannan hanya har gobe suna ba da labarin yadda gwiwa ke kaɗawa a bakin ƙofa. Amma makarantun kwana na lokacin suna da ƙungiyoyin muhawara da na wasan kwaikwayo, kuma ajin bai cika maƙil ba, don haka kusan kowa yana samun ranar da zai miƙe ya yi magana. Tsoro yana nan, sai dai an san shi, an saba da shi.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan tsari shi ne yawa. A 1975 gwamnatin tarayya ta sanar da sababbin jami'o'i bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Sai ya zama yaro mai ƙoƙari yana samun gurbi a jami'a uku, ya riƙe duka har sai an fara karatu, wani kuma bai samu ko ɗaya ba. Don magance haka gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, da Doka ta 2 ta 1978, aka naɗa Michael Angulu magatakarda na farko. Daga nan lamba ta maye gurbin fuska. Mutum ya cika fom, ya zauna ya baƙanta A ko B ko C da fensir, ya jira sakamako ta gidan waya.

A ganina wannan canji ya yi adalci ta wata fuska, kuma bai kamata kewar zamanin baya ta rufe mana ido ba. Takarda ba ta san ɗan wane ba, ba ta duba rigar da ka saka, ba ta jin karin harshen ƙauyenku a Turancinka. Ɗan talaka mai kunya wanda da zai daburce a gaban kwamiti ya samu hanyar wucewa da iliminsa kawai. Asarar da aka yi a hankali ta bayyana: makarantu sun daina ganin amfanin koya wa yaro bayani da baki, tunda ba a nan maki yake ba.

Sai satar amsa ta cinye tsarin. A farkon shekarun 2000 jami'o'i sun yi ta kukan cewa ana kawo musu masu maki kusan 300 da ba sa iya rubuta takardar neman izini. A 2005, lokacin Chinwe Obaji tana ministar ilimi, aka ba su damar sake gwada masu neman gurbi da kansu, abin da aka sani da Post-UME. Yawanci rubutacciyar jarrabawa suka yi, wasu kuma suka haɗa da ganawa baki da baki. Dubban yara suka riƙa kwana a tasha da masallatai na garuruwan da ba su sani ba don tambayoyin 'yan mintoci. Sauran labarin ya zo da sauri: an fara jarrabawar JAMB a kwamfuta a 2013, ta zama dole ga kowa a 2015, minista Adamu Adamu ya soke gwajin jami'o'in a 2016, aka dawo da shi a 2017 da sharaɗin kada kuɗinsa ya wuce naira 2,000.

A duk wannan kai-kawo intabiyu bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yana nan a Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, inda cin jarrabawa somin-taɓi ne kafin kwamitin zaɓe. Yana nan a makarantun koyon jinya da wasu jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999. Yana nan a digiri na biyu da na uku, kuma shi ne mashigar tallafin karatu irin na PTDF da Chevening. Hatta JAMB ta koma gare shi a 2025, lokacin da ta ce yaron da bai kai shekara 16 ba sai ya ci maki 320 sannan ya gurfana gaban masu tantancewa. Ke nan wuraren da gurbi ya fi tsada su ne suka riƙe shi, alhali mafi yawan yaranmu suna kai shekara 18 babu babban da ya taɓa tambayar ra'ayinsu a kan komai.

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Mun tarbiyyantar da yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya rage murya, kada ya yi musu, kada ya yabi kansa. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rasa ta. Amma mai tambaya da bai san mu ba yana iya ɗaukar ladabi a matsayin rashin sani. Yarinyar da ta fi kowa a ajinsu za ta amsa da kalma biyu, idonta a ƙasa, a rubuta mata cewa ba ta da ƙarfin gwiwa. Laifin ba nata ba ne, ba a taɓa gaya mata cewa a wannan ɗaki, na wannan ɗan lokaci, ɗaga kai da yin cikakken bayani shi ne girmamawa ba. Kuma muna da shaidar cewa yaranmu suna iyawa. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, kowace shekara tana zaunar da 'yan ƙananan yara gaban alƙalai da dubban jama'a, a ɗauko musu aya daga ko'ina su ci gaba. Gabansu yana faɗuwa kamar na kowa. Abin da ya tsayar da su tilawa ce, da kuma yawan zama gaban malam ana gyara.

A ƙasashen waje ma an gane cewa zama ɗaya yana iya zaluntar mai fargaba. Makarantar koyon likita ta Jami'ar McMaster a Kanada ta ɓullo da wani salo a farkon shekarun 2000: maimakon kwamiti ɗaya, ɗalibi ya zagaya tashoshi kusan goma, kowace 'yan mintoci da sabon mai tambaya. In ya yi tuntuɓe a ta farko, ta biyu ba ta sani ba. Yanzu makarantun likita da yawa a Ingila da Kanada haka suke yi. Masu binciken Jami'ar Chicago kuma sun wallafa a 2011 cewa ɗaliban da suka yi minti goma suna rubuta damuwarsu kafin jarrabawa sun fi samun maki, musamman masu yawan fargaba.

Bugun zuciya da bushewar baki da gumin tafin hannu aikin jiki ne da ke shirin fuskantar abu mai muhimmanci, ba alamar faɗuwa ba. Jan numfashi a hankali, tare da tsawaita fitar da shi, yana sassauta bugun. Amma maganin gaske tun makonni kafin ranar ake shan sa. Mai shiri ya nemi malami ko yayansa ko kawun da yake jin nauyi, ya zauna gabansa a yi masa tambayoyi da harshen da za a yi intabiyun, sau da yawa, har muryarsa ta daina ba shi mamaki. Ya san dalilin da ya sa yake son wannan fanni, da misali daga rayuwarsa, kada ya haddace jawabi, domin hadda tana warwarewa da an katse ta. Ya sake karanta duk abin da ya rubuta a fom. In bai ji tambaya ba ya ce, "Don Allah a maimaita." In bai san amsa ba ya faɗa, sannan ya nuna ta inda zai fara neman ta, malaman jami'a sun fi son ganin yadda mutum ke tunani a kan cika baki.

Tun annobar korona ta 2020 ganawa da yawa ta koma intanet, har Jami'ar Oxford ta ci gaba da yin nata ta bidiyo bayan an buɗe gari. Ga ɗalibin Gusau ko Maraɗi wannan ya rage kuɗin mota da kwanan tasha, ya kuma kawo sabuwar damuwa: wuta, da caji, da layin da ke yankewa ana tsakiyar amsa. Wanda aka ba rana ya gwada wayarsa da ɗakin da zai zauna tun jajibiri, ya tanadi layi na biyu, ya roƙi mutanen gida su kama masa yara na rabin awa, kuma ya ajiye lamba ko adireshin imel ɗin da zai tuntuɓa nan take in hoton ya tsaya.