Riruwai: Arzikin ƙarƙashin ƙasa da muhawarar da ke kansa

Garin Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin jihar Kano ya daɗe da yin suna wajen kuza, domin kuwa tun kafin zuwan Turawa mutanen yankin ke haƙo ta suna narkarwa.

Masana kimiyyar ƙasa sun ce duwatsun Riruwai dangi ɗaya ne da na Jos, kuma sun samo asali ne daga aman wuta da aka yi fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ban da kuza, akwai kwalambayit da zink da ɗan yuraniyom a cikinsu.

Harkar dai ta ja baya bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985.

Muhawarar da ake yi ita ce ta yadda za a ci moriyar arzikin ba tare da an cutar da jama'a ba. Masu son a farfaɗo da haƙar na hangen ayyukan yi da kuɗin shiga. Wasu masanan kuwa na gargaɗin cewa tarkacen ma'adinai da kududdufan da aka bari na iya gurɓata ruwa, a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, wanda kogin Kano ke ratsawa kafin ya isa madatsar Tiga a Bebeji.

Sukan kafa hujja da Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010.

A dokar ma'adinai ta 2007, gwamnatin tarayya ce ke da ikon ba da lasisin haƙa, ba jiha ba.