Tsaftace Gida Don Rage Alaji a Lokacin Damina da Wuraren Laima

Alaji wani yanayi ne da garkuwar jiki ke ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi, sai ta tayar masa. Alamominsa sun haɗa da yawan atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido, tarin dare, da tashin asma. Idan alamomin sun fi tsananta da asuba ko lokacin shara, akwai yiwuwar abin da ke jawo su yana cikin gida.

Me ya sa laima ke ƙara matsalar?

A Arewa iska takan cika da laima a tsakiyar damina, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A garuruwa irin su Legas, Fatakwal, Kumasi da Duwala kuwa, laimar kusan duk shekara ce. Abubuwa uku ne suka fi yaɗuwa a irin wannan yanayi:

Ƙwarin ƙura: ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Suna zaune a katifa, filo, bargo da kafet, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum. Ba sa shan ruwa, daga iska suke zuƙar laima. Shi ya sa suke hayayyafa idan laimar ɗaki ta haura kashi 70 cikin 100, suna kuma raguwa idan ta sauka ƙasa da kashi 50. Ba sa cizo. Kashinsu ne ke tayar da alaji.

Funfuna: tana iya fara tsirowa a kan jiƙaƙƙen abu cikin awa 24 zuwa 48. Ana ganinta a bango, silin, bayan wadirob da takalman fata, kuma sau da yawa warinta ke fara tona ta.

Kyankyaso: kashinsa, yawunsa da ɓurɓushin jikinsa na gauraya da ƙura, suna tayar da asma, musamman ga yara.

A fara da ɗakin kwana

Nan mutum ke shafe kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa, hancinsa dab da filo.

1. A wanke zanin gado da rigar filo duk mako da ruwa mai zafin digiri 60. Idan aka haɗa tafasasshen ruwa da na famfo daidai wa daida, zafin zai kai kusan haka. A jiƙa kayan a ciki kafin a wanke, a kuma nisantar da yara daga bokitin.
2. A shanya katifa da filo na sa'o'i duk ranar da rana ta buɗe. Zafin rana na kashe ƙwarin, amma ba ya kawar da kashinsu, don haka shanya ba ta maye gurbin wanki.
3. Kada a naɗe tufafi ko a mayar da su wadirob sai sun bushe sarai.
4. Idan da hali, a cire kafet a koma tayil ko ledar ɗaki. A rage tarkace da labule masu kauri.
5. 'Yartsanar yara mai gashi, a sa ta a leda a ajiye a firiza na awa 24, sannan a wanke.

Yadda ya kamata a yi shara

Busasshiyar tsintsiya da kakkaɓa tayar da ƙura kawai suke yi. A goge kayan ɗaki da tsumma mai ɗan laima, a goge ƙasa da mofa da aka matse sosai, sannan a buɗe taga ko a kunna fanka har ta bushe. Mai asma ya fita lokacin aikin, ya dakata kamar minti 30 kafin ya dawo. Idan dole shi zai yi, ya sa takunkumi.

Maganin funfuna

A fara gyara tushen ruwan: rufin da ke yoyo, famfon da ke ɗiga, ko bangon da ke tsotsar ruwa. A janye gado da wadirob daga jikin bango don iska ta ratsa. A wanke wurin da sabulu da ruwa, ko da ruwan bilic kofi 1 a cikin lita 4 na ruwa, da safar hannu, tagogi a buɗe. Fenti a kan funfuna ba ya kashe ta. Katifa ko silin da ta cinye, zubar da su ya fi. Idan faɗinta ya wuce mita 1 murabba'i, a nemi ƙwararre.

Gargaɗi: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari. Haɗin na fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Maganin kyankyaso

A rufe abinci, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a fitar da shara kullum, a toshe ramuka. Maganin da ake ajiyewa su ci ya fi na feshi sauƙi ga mai asma, muddin an sa shi inda yara ba za su kai ba. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta ma na tayar da asma. Gidan sauro ya fi aminci.

Yaushe za a ga likita?

Mataki ɗaya kaɗai bai cika wadatarwa ba, sai an haɗa su an kuma ɗore. Tsafta ba ta maye gurbin magani, kada a daina amfani da inhela ba tare da shawarar likita ba. A je asibiti idan alamomin sun ɗauki makonni ko suna hana barci.

A garzaya asibiti nan take idan mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, leɓensa ya sauya launi, haƙarƙarin yaro na lotsawa in yana numfashi, ko inhela ta kasa kawo sauƙi.